Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisar da ke son mayar da hidimar ƙasa dole

Ya ku masu girma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan maganar da ta sake tasowa a majalisun ƙasashe da dama, wato tilasta wa kowane matashi ya ba ƙasarsa shekara guda ko biyu daga cikin ƙuruciyarsa, ko a bariki, ko a asibiti, ko a aji, ko duk inda hukuma ta ga dama ta jefa shi. Ba na cikin masu cewa ɗan ƙasa ba ya ɗauke da nauyin ƙasarsa. Yana ɗauke da shi, kuma akwai ranar da ƙasa ke da ikon ta ce kowa ya fito. Roƙona shi ne kafin ku ɗaga hannu a kan ƙudurin, ku faɗa mana ainihin abin da kuke nema. A jawabi guda sai mu ji ɗayanku ya ambaci tsaro, ya zarce zuwa ƙarancin ma'aikata a asibitoci, ya ƙare da cewa yaran zamani ba su da tarbiyya. In aka ƙure shi a kan tsaro sai ya koma tarbiyya, in aka ƙure shi a kan tarbiyya sai ya ce ai makarantun ƙauye ba malamai. Waɗannan matsaloli ne daban-daban, kuma wanda za a ɗauke wa shekara daga rayuwarsa ya cancanci a gaya masa wacce ce daga ciki za a magance da shi.

Hujjar tsaro ita ce ta fi ƙarfi, kuma ba zan ja da ita ba. Finlan ƙasa ce mai mutum kusan miliyan biyar da rabi, tana da iyaka da Rasha mai tsawon fiye da kilomita 1,300, kuma ta taɓa gwabzawa da Tarayyar Sobiyet a 1939. Ba ta taɓa daina ɗaukar samarinta aikin soja ba, ko a shekarun da maƙwabtanta suka saki jiki. Saurayi yana yin kwana 165, ko 255, ko 347, gwargwadon aikin da aka horar da shi a kai, daga nan ya koma harkarsa yana cikin rundunar ko-ta-kwana. Da haka ƙasar ke iya tara sojoji 280,000 in yaƙi ya ɓarke. Lituweniya ta dawo da tsarin a 2015, shekara guda bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya, Latbiya ta bi sahu a 2023, Taiwan kuma ta mayar da wa'adinta daga wata huɗu zuwa shekara guda tun farkon 2024. Duk waɗannan sun san wanda suke tsoro, suna iya nuna shi a taswira, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In halin da ƙasarku ke ciki ke nan, ku fito ku faɗa ƙarara, ku kawo hafsoshin soja su bayyana adadin mutanen da suke buƙata da irin horon da za su ba su.

Sai dai in kun kawo hafsoshin, za ku ji abin da ba ku so. Sojan zamani ba ya son kowa da kowa. Suwidin ta dakatar da aikin soja na tilas a 2010, ta dawo da shi a 2017 maza da mata, amma rukunin farko da aka ɗauka a 2018 mutum 4,000 ne kacal daga cikin kusan dubu 100 da suka kai shekarun. A Nowe ma haka abin yake, ana tantancewa a zaɓi kaɗan, har takardar shaidar an yi aikin ta zama abin tinƙaho wajen neman aiki. Dalili a fili yake: kowane kurtu yana buƙatar gado, kaki, abinci, bindiga, likita, da sajan ɗin da zai bar aikinsa ya koya masa. Rundunar da aka cika da mutanen da ba sa so, waɗanda za su tafi daidai lokacin da suka fara iya aikin, ɗawainiyarta ta fi amfaninta. Wannan na cikin abin da ya sa Birtaniya ta daina kira a 1960, Amurka a 1973, Faransa ta sallami kuratanta na ƙarshe a 2001, Jamus ta dakatar a 2011.

To, daga nan ne maganar ke karkacewa. Tunda soja zai ɗauki ɗaya cikin goma ko ɗaya cikin ashirin, sai ku ce ba adalci ba ne sauran su tafi haka nan, don haka a nemo musu abin yi. Wato ba aikin ne ya nemi mutanen ba, mutanen ne aka tara ake nema musu aiki. Shi ke nan sai a fara lissafa gidajen kula da tsofaffi, dakunan shan magani, shuka itatuwa da kwashe shara.

A nan nake so ku tsaya, domin akwai tarihi a wurin, kuma akwai doka. Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka ƙulla a 1930, ta haramta aikin tilas. Ta keɓe aikin soja na dole, amma da sharaɗin ya kasance aiki ne na soja zalla. Waɗanda suka rubuta wannan sharaɗi sun san abin da suke gudu. A yankunan Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, ana tara samari da sunan ɗaukar soja, a zaɓi wasu a ba su kaki, ragowar kuma a kira su kashi na biyu, a tura su haƙa da ɗaukar ƙasa. Da irin waɗannan hannaye aka yi aikin madatsar ruwa ta Markala a kan kogin Neja, a ƙasar Mali ta yanzu. A takarda su masu hidimar ƙasa ne, a zahiri kuwa leburori ne da ba su da ikon cewa sun gaji. Sai a Afrilun 1946 majalisar Faransa ta zartar da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wanda daga baya ya zama shugaban Kodebuwa, ta soke aikin tilas a yankunan mallaka, kuma ko bayanta wannan kashi na biyu ya ɗan ƙara daɗewa. A 1957 aka ƙara wata yarjejeniya, ta 105, wadda ta hana gwamnati tara mutane da ƙarfi don ayyukan bunƙasa tattalin arziki. Yawancin ƙasashenku sun sa hannu a kan duka biyun.

Na san za ku ce ku ba 'yan mulkin mallaka ba ne, zaɓarku aka yi. Gaskiya ne. Amma dokar da kuka rubuta ba za ta yi ritaya tare da ku ba, wasu ne za su gaje ta. Eritiriya ta kafa hidimar ƙasa a dokar 1995 da wa'adin wata 18, da manufofin da ba su da maraba da naku: tsaro, haɗin kai, gina ƙasa. Bayan yaƙinta da Habasha, a 2002 aka cire wa'adin. Yau ɗalibai suna yin ajin ƙarshe na sakandare a sansanin soja na Sawa, mutum ya shiga hidima yana saurayi ya yi furfura bai fita ba, yana koyarwa ko yana aikin gini a kan ɗan abin da bai isa ya riƙe iyali ba. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana tsarin a 2016 a matsayin bautar da mutane. Matasan Eritiriya da ke ratsa Sahara suna shiga kwale-kwale a tekun Bahar Rum, da yawansu wannan hidimar suke gudu. Ban ce kowace ƙasa za ta zama Eritiriya ba. Na ce wa'adin wata 18 ɗin a rubuce yake a doka, bai kuma hana komai ba.

Mu bar misali mai tsanani, mu ɗauki mai sauƙi. A Jamus, saurayin da ya ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsa yakan yi hidimar farar hula a madadin soja. Shi ne zai tashi da asuba ya je gidan tsofaffi, ya ɗaga dattijo daga gado, ya wanke shi, ya canza masa zanen gado, ya tura shi a keken guragu zuwa wurin cin abinci, da rana ya tuƙa mota yana kai wa marasa ƙarfi abinci gida-gida. Aiki ne mai daraja, kuma da yawa daga waɗanda suka yi shi suna cewa ya sauya musu tunani. Amma lokacin da aka zo dakatar da aikin soja na tilas a 2011, cikin waɗanda suka fi nuna damuwa har da ƙungiyoyin jin ƙai da masu gidajen kula da tsofaffi, domin za su rasa ma'aikata masu arha. A Ostiriya, da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Janairun 2013, kusan kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi a ci gaba da tilas, kuma babbar hujjar da aka yi ta yawo da ita ita ce wa zai tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya in babu masu hidimar farar hula. Kun ga yadda abin ya juye: ana riƙe da dokar soja don kada a biya direban motar asibiti cikakken albashi.

In asibiti ba shi da isassun masu jinya, ai dalilin ba ɓoyayye ba ne. Albashin bai taka kara ya karya ba, aikin dare ya yi yawa, waɗanda suka ƙware suna ficewa zuwa inda za a biya su. Ɗan shekara 18 da aka yi wa horon mako uku ba zai maye gurbin ma'aikaciyar jinya ba, sai ma ya ƙara mata aikin sa masa ido. Kuma muddin hukuma ta san duk shekara za a kawo mata sabbin hannaye kyauta, me zai sa ta ɗauki malami na dindindin ko ta gyara albashin wanda take da shi? Ɗan talakan da ke makarantar ƙauye shi ne zai kwana ciki, duk shekara sabon malami, wanda bai karanci koyarwa ba, bai san yaran ba, yana ƙirga kwanakin da suka rage masa.

Kuna yawan cewa tsarin zai yi wa gwamnati sauƙin kuɗi. Sauƙin a littafin baitulmali kawai yake. Kwamitin da shugaban Amurka Nixon ya kafa, wanda ya miƙa rahotonsa a 1970 kuma masanin tattalin arziki Milton Friedman na cikinsa, ya kira aikin tilas da sunan da ya dace da shi: haraji ne da ake karɓa da jiki a maimakon kuɗi. Bambancin da ke tsakanin abin da matashi zai samu da an bar shi ya yi sana'arsa da ɗan alawus ɗin da kuke ba shi, shi ne harajin, kuma shi kaɗai ke biya. Attajiri mai shekara 55 bai ba da ko sisi ba. Kuma asarar ba ta tsaya a shekarar hidima ba. Masanin tattalin arziki Joshua Angrist, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel, ya bi bayanan albashin Amurkawan da aka ɗauka lokacin yaƙin Biyetnam, ya gano cewa fiye da shekara goma bayan sun dawo, fararen fata daga cikinsu suna samun kusan kashi 15 cikin ɗari ƙasa da takwarorinsu da ba su je ba. Wanda ya fara koyon sana'a aka katse shi, wanda ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa, wadda ta samu gurbin karatu da ƙyar, kowannensu yana da abin da zai rasa wanda ba zai bayyana a kasafin kuɗinku ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kalmar da kuka fi so a wannan muhawara ita ce "kowa". Kowa zai je, ɗan minista da ɗan mai gadi za su kwana ɗaki ɗaya. Ina son wannan hoton, amma ku nuna mini inda ya tabbata ya ɗore. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, majalisa ta yi dokar ɗaukar soja ta tilas, ta kuma sa wata ƙofa a ciki: wanda ya biya dala 300, ko ya kawo wani a madadinsa, ya tsira. Dala 300 a lokacin ta yi kusa da abin da lebura ke samu a shekara. Grover Cleveland, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya biya wani ya tafi a madadinsa. A watan Yulin shekarar talakawan birnin New York suka yi bore na kwana huɗu, aka kashe fiye da mutum 100, kuma fushin bai sauka a kan waɗanda suka yi dokar ba, ya sauka ne a kan baƙaƙen fata, har aka ƙona gidan marayunsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Shekara ɗari bayan haka, ƙofar ta sauya kama ta zama takardar jami'a. Wanda ke karatu ana ɗage masa kira, wanda iyayensa ba su da halin kai shi jami'a ya tafi Biyetnam. Dick Cheney ya samu ɗagewa sau biyar, daga baya ya zama ministan tsaro, ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Da ƙorafi ya yi yawa sai aka koma jefa ƙuri'a. Ranar 1 ga Disamban 1969 aka zuba ƙwanso 366 na roba a cikin wani babban tulun gilashi, kowanne ɗauke da rana guda ta shekara, ana zarowa ɗaya bayan ɗaya a gaban talabijin, samari na zaune a gidajensu suna jiran jin ranar haihuwarsu. Ta farko da aka zaro ita ce 14 ga Satumba. Daga baya masana lissafi suka lura cewa ba a cuɗa ƙwanson da kyau ba. An zuba su ne wata bayan wata, na Disamba suka zo a ƙarshe suka zauna a sama, don haka waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara suka fi kowa fitowa da wuri. Wannan a ƙasar da ke da rajistar haihuwa cikakkiya ke nan, a idon duniya, da niyyar yin adalci. Ina ga inda jerin sunayen ke cikin aljihun tebur ɗin wani jami'i, wanda kiran waya ɗaya daga sama ya isa ya sauya wa yaro wurin da aka tura shi?

Ko Koriya ta Kudu, inda kusan kowane namiji mai lafiya ke yin wata 18 a rundunar ƙasa kuma jama'a ba sa yafe wa wanda ya zille, tana da nata ƙofofin. Wanda ya ci lambar yabo a gasar Olamfik ko zinare a wasannin Asiya an sauƙaƙa masa. Da haka ɗan ƙwallo Son Heung-min ya samu sauƙi bayan zinaren 2018, ya yi horon mako uku kawai. A wannan ƙasar kuma, shekaru da dama ana ɗaure waɗanda addininsu ya hana su ɗaukar makami, har sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci a 2018, sannan aka ba su zaɓin yin wata 36 suna aiki a gidajen yari, ninki biyu na wa'adin soja.

Saboda haka tambayar da nake so kowannenku ya amsa a bainar jama'a ita ce: ɗanka ko 'yarka, da ke karatu a ƙasar waje ko ke shirin shiga kamfanin abokinka, zai dawo a jefa shi inda ƙuri'a ta faɗa? Wanzami dai ba ya son jarfa. Kuma ku lura da wani abu: babu ko ɗaya a cikinku da dokar za ta hau kansa. Waɗanda za ta hau kansu, a ranar da kuke muhawara, yawancinsu 'yan shekara 15 ne ko 16, ba su da ƙuri'a. A zaɓen Ostiriya da na ambata, mafi yawan 'yan ƙasa da shekara 30 sun zaɓi a soke tilas, waɗanda suka haura 60 ne suka rinjaye su. Amurka ma sai a 1971 ta sauko da shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, bayan an daɗe ana tura yaran da ba su da ikon zaɓen kowa su mutu a yaƙin da wasu suka yanke.

Saura maganar haɗin kai da tarbiyya, wadda ita ce ta fi daɗin faɗa a kan mumbari. Ba na raina ta. Najeriya ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a watan Mayun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, shekara uku bayan yaƙin basasa, don a tura wanda ya gama jami'a wata jiha da ba tasa ba ya zauna da mutanen da da can labarinsu kawai yake ji. An ƙulla abota, an yi auratayya, mutane sun koyi harsunan juna, wannan ba wanda zai musa. Singafo ma, wadda ta fara aikin soja na tilas a 1967, tana haɗa 'ya'yan Sinawa da Malayawa da Indiyawa a bariki guda. Amma ku dubi iyakar abin. Tsarin Najeriya ya taƙaita ne ga waɗanda suka gama manyan makarantu kafin su cika shekara 30, wato matashin da bai taɓa shiga aji ba, wanda ya fi kowa nisa da gwamnati, ba ya ciki. A Singafo kuwa bariki ba shi kaɗai ya yi aikin ba, yaran sun taso a makaranta ɗaya da rukunin gidaje ɗaya tun kafin su sa kaki. In kun bar yara sun shekara 18 a rabe, na masu hali a makarantar kuɗi, na marasa hali a ajin da ba rufi, wata 12 na fareti ba zai ɗinke abin da kuka yaga ba.

Faransa ta gwada. Shugaba Macron ya ƙaddamar da shirinsa na hidimar ƙasa a 2019: 'yan shekara 15 zuwa 17, kwana 12 a sansani, kaya iri ɗaya, ɗaga tuta da safe da taken ƙasa. An fara da masu sa kai da niyyar daga baya a mayar da shi dole ga kowa. A 2024 hukumar binciken kuɗin gwamnati ta ƙasar ta ce manufofin shirin ba su fito fili ba, haɗa 'ya'yan masu hali da marasa hali da aka yi alkawari bai samu yadda ake so ba, kuma mayar da shi na kowa zai ci tsakanin yuro biliyan 3.5 zuwa 5 duk shekara. A Birtaniya kuma, ana saura makonni a yi zaɓen 2024, firaministan lokacin Rishi Sunak ya fito da alkawarin cewa kowane ɗan shekara 18 zai yi ko dai shekara guda a soja, inda gurbi 30,000 ne kawai, ko kuma aikin al'umma na ƙarshen mako guda a kowane wata, a kan fam biliyan 2.5 a shekara. Da aka tambayi me za a yi wa wanda ya ƙi, sai amsoshin ministocinsa suka riƙa cin karo da juna. Jam'iyyarsa ta sha kaye, maganar ta bi ruwa. Na kawo wannan ne don ku ga cewa sau da yawa batun yana tasowa ne gab da zaɓe, ana faɗa wa tsofaffi abin da suke son ji game da jikokin wasu.

Kuma in kun karɓi ɗan mutum da ƙarfin doka, ransa ya koma amana a hannunku. A watan Maris na 1994 wani kurtu a Ajantina, Omar Carrasco, ya ɓace kwanaki kaɗan bayan ya shiga barikin Zapala. Aka ce wa iyayensa ya gudu. Bayan wata guda aka tsinci gawarsa a cikin barikin, dukan da aka yi masa ne ya kashe shi. Kafin shekarar ta ƙare shugaba Carlos Menem ya soke aikin soja na tilas baki ɗaya. A rundunar Rasha cin zalin da tsofaffin kurata ke yi wa sababbi ya shahara har iyaye mata suka kafa ƙungiyoyi don kare 'ya'yansu. Wanda ya shiga da ƙafarsa yana iya ajiye aiki, wanda aka kawo da sammaci ba shi da ƙofar fita, shi ya sa mugun shugaba ke samun yadda yake so a kansa.

Game da cewa matasa ba su san haƙƙin ƙasa ba, ina ganin kun yi musu gurguwar fahimta. Duk lokacin da ambaliya ta ci gari ko gini ya rufta, ku duba su wa ke cikin ruwa da ɓaraguzai kafin motar hukuma ta iso. Jamus da ta dakatar da tilas ta buɗe hidimar sa kai ta tarayya a 2011, mutane dubbai suna shiga duk shekara, kuma ƙorafin da ƙungiyoyi ke yi shi ne kuɗin da ake ware wa guraben bai isa ba. A 2022 shugaban ƙasar, Steinmeier, ya kawo shawarar a mayar da irin wannan hidima wajibi, sai aka tuna masa cewa kundin tsarin mulki ya hana tilasta wa mutum aiki, sai an gyara shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. Kafin ku tilasta wa wanda ba ya so, ku fara samar wa wanda yake so gurbi da abin da zai ci. Abin da matasa suka rasa shi ne dalilin yarda da ku. Yaron da ya ga mahaifinsa ya yi wa gwamnati aiki shekara 35 yana bin layin fansho har ya faɗi, ya ga wanda ya wawure dukiyar jama'a ana ba shi kujerar gaba a taro, ba laccar kishin ƙasa a filin fareti ce za ta sauya masa ra'ayi ba. Biyan haraji, fita zaɓe, ba da shaidar gaskiya a kotu, riƙe amanar ofis, duk haƙƙoƙin ƙasa ne, kuma ba su da iyakar shekaru. Ban taɓa jin ƙudurin da ya ce duk wanda ya haura 50 ya ba da wata shida yana aiki a asibitin gwamnati ba, alhali shi ne ke da ƙwarewar da asibitin ke buƙata.

In duk da haka kun tsaya a kan sai an yi, to ga abin da nake nema ku sa a cikin dokar kanta, ba a jawabi ba. Ku rubuta manufa ɗaya tak, wadda za a iya aunawa bayan shekara biyar a ga ko an cimma. Ku sa wa'adin a kundin tsarin mulki, yadda shugaban ƙasa ba zai iya tsawaita shi da sa hannu ɗaya ba. A biya mai hidima aƙalla mafi ƙarancin albashi, a lissafa masa shekarar cikin fanshonsa, a riƙe masa gurbin karatu ko aikin da ya bari. Wanda imaninsa ya hana shi ɗaukar makami a ba shi wani aikin mai wa'adi daidai da na soja, ba wanda aka tsawaita don a hukunta shi ba. A haramta amfani da masu hidima wajen cike gurbin da ya kamata a ɗauki ma'aikaci na dindindin. A kafa wurin kai ƙara da ba ya ƙarƙashin kwamandan da ake ƙara a kansa, kuma duk wanda ya mutu ko ya nakasa a bakin hidima, a binciki lamarin a fili a biya iyalinsa. A ƙarshen kowace shekara a buga inda aka tura 'ya'yan shugaban ƙasa, ministoci, 'yan majalisa, manyan alƙalai da hafsoshi, da sunan duk wanda aka ɗage wa da dalilin ɗagewar. Sannan kafin dokar ta fara aiki, ku kai ta ƙuri'ar raba gardama, ku bar 'yan shekara 16 da 17 su jefa tasu, tunda su za a fara kira.

Ina jiran ganin wanda zai fara gabatar da gyaran da ya shafi buga sunayen.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa mai jefa ƙuri'a